Rubutun da Ke Ƙarƙashin Kiɗa

Ranar Talata na hau bas daga Newlyn zuwa Penzance,
ana yayyafi, rigata na ƙarnin kifi irin ta kowa a garinmu.
Cikin jaka, faifai uku naɗe a tsohuwar safar Denzil.

Ɗari huɗu da sha biyu ya bar mini,
jere cikin kwalayen takalma, kowanne da lambarsa.
Bai bar jirgi ba, bai bar gona ba,
sai daren Juma'a a mashayar bakin tasha,
inda masunta ke karɓar makirfo da hannun da igiya ta cinye
su zuba wa allo ido
kamar yaran da malami ya tsayar.

Gishiri ba ya raga wa faifai.
Babban yatsa, digon giya, faɗuwa ƙarƙashin tebur,
kullum sai wani ya fara in'ina a tsakiyar baiti.

Na gwada kwafa a kwamfutar jikata.
Kiɗa ya fito tsaf, har gangar ta fi daɗi.
Allo kuwa shuɗi fetal, ko wasali babu.
Tsoho Jory ya tsaya, baki buɗe,
waƙar da ya shekara sha tara yana rerawa,
ashe bai taɓa haddace ta ba.
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.
Ya ajiye makirfo a hankali, ya nemi hularsa.

Yaron shagon, Kenver, ɗan kunne a girarsa,
ya ɗaga faifan sama yana duba shi a hasken fitila.
Ya ce, Uwa, kalmomin ba a cikin waƙar suke ba.
Wata 'yar siririyar hanya ce a gefen sauti,
nan aka cusa su,
yawancin na'urori wucewa suke, ba su san da ita ba.

Ya jera mini uku a kan kanta.
Ta farko baƙa, siririya, fam sha takwas,
kwalinta na alfaharin gudu.
Ta biyu har da 'yar fitila mai ƙyaftawa.
Ta uku daga ɗakin baya ya ɗauko ta, yana hure ƙura,
launin tsohon haƙori, nauyi kamar bulo,
wani ya taɓa manna mata takarda ya ɓare.
Fam arba'in da biyar, babu ragi.

Na ce, tsohuwa ta fi sabuwa tsada?
Ya ce, ita ce mai karatu. Sauran ji kawai suke.

Ban yarda ba, gani ya kori ji.
Muka saka lamba sittin a kowacce.
Baƙar ta gama kafin in cire safar hannu: allo shuɗi.
Mai fitila ta kawo haruffa a kakkarye,
kamar an taka su da taya.
Tsohuwar ta yi gurnani, ta yi tari, ta ɗau lokacinta,
na sha shayin da ya ba ni har ya huce,
sai ga kalmomi suna tafe, fari na rikiɗa rawaya,
daidai inda numfashi ke faɗuwa.

Kada ki matsa mata, in ji shi.
Sa ta a gudu mafi ƙanƙanta. Ki sayi faifan kirki.

Yanzu dare goma sha ɗaya ke nan a teburin kicin.
Ina rubuta lambobi da alƙalamin da ya bari,
bakwai ɗina ma ta fara kama da tasa.
Na aika wa Jory saƙo cewa tasa ta dawo.

Ɗari biyu da sha uku ce kaɗai ta ƙi.
Karcen ya yi zurfi, na'urar ta tofo shi sau huɗu.
Ita Denzil ke rufe dare da ita,
ido rufe, bai taɓa kallon allon ba.

Na mayar da shi cikin safar.
Wannan kam ba sai an rubuta mini ba.