Mai Tsintsiyar Dare

Ni ce Yalwa, mai tsintsiya,
haifaffiyar Agege, bayan layin dogo.
Shekara goma sha ɗaya ina goge daɓen asibitin nan.
Na san inda rufi ke yoyo
tun hadari bai taso daga teku ba.

Ba don bakina aka ɗauke ni aiki ba.
Amma in an shigo da namu
wanda harshensa bai kama Yarabanci ba,
sai in ji Sista Morenike daga ƙarshen baranda:
"Yalwa, ajiye bokitin, zo ki ji mana."

Haka aka kawo Jatau daren Laraba,
mahauci daga kwatar Oko-Oba,
sa ya soke shi a cinya,
an ɗaure da buhun gishiri, buhun ya jiƙe sharkaf.
Na tsaya tsakaninsa da takarda ina juya magana:
kati,
safar hannu,
auduga, zaren ɗinki,
jini leda biyu, a nemo mai bayarwa.
A harsuna biyun da na iya
babu kalma mai nauyin "a biya tukuna".
Duk sanda na faɗe ta sai na ji kamar ni na ƙirƙiro ta.

Ƙaninsa ya zazzage aljihu a kan benci,
kuɗin suna warin kitse, ba su kai ba.
Ya fita neman ciko cikin ruwa,
sai wuta ta ɗauke.
Inji na nan, mai ne babu.
Na haska fitilar wayata,
Likita Adekunbi ya yi ɗinki goma sha bakwai
yana cewa in daina rawar hannu.

Shi kaɗai ne a kan gado arba'in.
Abokan karatunsa sun haye jirgi,
ban ga laifinsu ba.
Shi ma na ga fasfo a aljihun rigarsa,
na kau da kai, na ci gaba da shara.

Mu ma da namu.
In ɓera na da sata, daddawa na da wari:
sai mun gama da jiƙo, mun gama da kemis,
ciwo ya ci ya ƙoshi,
sannan mu ɗauko mutum a amalanke
mu ce asibiti ya kashe shi.

Bara an zo gyara.
An shafa wa bangon gaba fenti,
aka jera tukwanen furanni na aro,
zannuwan gado sababbi fil, masu karin guga.
Manya suka zaga, aka ɗauki hoto,
kafin la'asar an naɗe zannuwan an mayar.
Ni aka ce in ɓuya a bayan ɗakin wanki
don takalmina ya tsinke.

Da sun tambaye ni, da na ce:
ku bar fentin, ku hau rufin.
A tsayar da jini kafin a buɗe littafin kuɗi.
Ku biya Adekunbi abin da zai sa ya manta inda ya ajiye fasfo.
Wannan inshorar da ke manne a bango da Turanci,
ku kai ta kwata, ku kai ta ƙofar masallaci,
ku faɗe ta da bakin da Jatau ke ciniki.
Kuma mai gyaran ya kwana ɗaya a bencin nan,
ba direba, ba ɗan rakiya,
sauro ya yi masa bayanin sauran.

Jatau ya tashi, yana ɗingishi.
Jiya ya kawo mini hanta a ƙunshin takarda,
na raba da Sista, ta ce ta yi yaji.
Yanzu ga hadari can ta wajen Ikeja.
Bari in matsar da gado na tara,
in kai bokitin inda ya saba.