Gurbi Na Goma Sha Bakwai

Gurbi na goma sha bakwai ya ce:
rubuta abin da mahaifinki ke samu a shekara.
Na tashi daga shagon Sabi'u,
inda awa guda gaban na'ura dala sittin ce,
na hau kabu-kabu zuwa majema.

Baba na tsugune bakin rami,
ruwan bagaruwa ya rine shi har gwiwar hannu.
Na karanta masa tambayar.
Ya yi dariya har ta koma tari.
"Barira, wace shekarar?
Wadda aka rufe hanyar Ɗan Isa,
ko wadda Gulbi ya kwana a ɗakinmu?
Ce musu Allah ke ciyarwa."
Na ce gurbin ba ya cin harafi, sai lamba.

Da dare muka baje lissafi kan tabarma.
Fata kaza a mako, ban da damina.
Ƙuli-ƙulin Inna, in gyaɗa ta yi sauƙi.
Muka cire maganin Kaka,
muka cire bashin da Kawu Ma'azu ba zai biya ba,
kowa ya sani, ba mai faɗa.
Abin da ya rage na juya shi zuwa kuɗinsu
sai ya takure
kamar ɗanyar fata da aka mance a rana.

Suka ce a kawo shaidar banki.
Bankinmu gwangwanin madara ne,
Inna ce mai mabuɗi, ita ce mai gadi.

Suka ce in ba su labarin wuyar da na sha.
Mushe Illa ya ce, "Sa yunwa, suna son yunwa."
To ni ban taɓa kwana da ita ba,
matar nan ba ta bari ba ko sau ɗaya,
yaya zan sayar da ƙaryar da za ta zage ta?
Sai na rubuta musu toka da kashin tantabara,
yadda gashi ke sakin fata ba da wuƙa ba,
yadda na san sinadari yana aiki
tun kafin lakwal ta gaya mini sunansa.

Jar akuyar Inna ta biya motar Yamai
da jarrabawar Turanci.
Fatarta ta dawo hannun Baba, shi ya jeme ta,
dillali ya haɗa da sauran.
An ce can sukan zama jaka ko safar hannu.
Ta riga ni tafiya ke nan.
Ba wanda ya tambaye ta sakamakon bak,
ba wanda ya ce ta kawo wasiƙar malamai biyu.

Bakwai na nema.
Biyar suka amsa da ladabi mai sanyi,
kowace na baƙin ciki, kowace na yi mini fatan alheri.
Ta shida ta ce in zo,
ta jera darajata har na ji kunya,
a ƙasa ta rubuta abin da zan biya.
Ga rijiya har baki, guga babu.

Ta bakwai ta ce ina jerin masu jira.

Na kai wa Baba wannan kalmar.
Bai ce komai ba.
Ya sa hannu a rami, ya ɗago wata fata,
ya murza gefenta tsakanin yatsu,
ya kai ta hanci,
ya mayar.
"Ita ma da saura," ya ce.

Yau na sake ba Sabi'u dala sittin.
Shafin na cikin buɗewa aka ɗauke wuta.
Ya ce in zauna, ba zai ƙirga mini lokacin ba.
Na zauna.
A baƙin gilashin ba kowa sai fuskata,
da ƙofar shago a buɗe bayana,
da wata jar akuya tana ƙetare titi.