Mai Amsa na Goma Sha Bakwai

Shagona na nan Samaru, daura da babbar ƙofa,
tsakanin mai shayi da mai faci.
Shekara ashirin da uku ina ɗaure ilimin mutane:
zare, gam, baƙin bango, haruffan ruwan zinari.
Ban taɓa zama aji ɗaya da su ba,
amma duk mai son a kira shi dakta
sai ya biyo ta hannuna.

In watan miƙa kundi ya kama ba na barci.
Kafin gam ya bushe nakan leƙa ciki,
na yarda, ɗabi'ata ce.

Bulus Yashim ya kawo nasa, na Fiziks,
rabinsa alamomi kamar sawun kaji a laka.
Na ce, me ka gano?
Ya ce ya auna rijiya arba'in daga Hanwa zuwa Bomo,
akwai abin da ido ba ya gani a ruwan,
wai duwatsun ƙasa ke fitar da shi kamar numfashi.
Tun ran nan in na ɗaga moɗa
sai na ɗan tsaya, in yi bisimilla sau biyu.

Malama Jummala ta Sashen Ilimi,
goyo a baya, jaka a hammata,
ta ƙirga 'yan aji uku a makarantu tara
masu rera harafi ba su san fuskarsa ba.
Na ga makarantar Ladidina a jadawali na huɗu.
Da dare na miƙa wa yarinyar kwalin ashana, na ce karanta.
Ta dube ni, ta dubi kwalin,
ta faɗi sunan hoton da ke jiki.

Shekwolo mai zane bai cika rubutu ba,
hotunan tukwanen kakarsa ne,
kowace tsaga da labarinta.
Ya ce kar in matse su, za su ji zafi.
Na yi dariya. Amma na sassauta.

Sai bara, wata siririya mai rikoda, Asabe,
cikin masu nazarin zaman jama'a,
ta zauna a bencina ta ishe ni da tambaya:
nawa nake samu, su wa nake bi bashi,
me nake ji in sun sa hula mai tuntu sun wuce.
Ina amsawa ina huda takarda,
ban ɗauka wani abu ba ne.

Shekaranjiya ta dawo da kwafi shida.
Shafi na ɗari da sha biyu:
mai amsa na goma sha bakwai, namiji,
shekara hamsin da huɗu, bai wuce firamare ba, ya ce,
“Mu zaren littafi ne,
ba a ganinmu sai ran da muka tsinke.”

Ni na faɗi haka?
Ta juya ta da Turanci, ta sa mata lamba,
wani Bature a sama, wani a ƙasa,
maganata a tsakiya ta harɗe
kamar baƙon da aka ba gaban mota.

Na san inda kundaye ke ƙarewa.
Na ga ɗakin da ake jibge su, gara na yin nata digirin.
Na taɓa sayen tsire a Sabon Gari
a naɗe cikin babi na biyu
na wanda na ɗaure da hannuna.
Rijiyoyin Bulus har yau ana jan su.
Ladidi kuwa, ni ke zaunar da ita bayan isha'i,
harafi ɗaya, gobe wani.

Duk da haka wannan na ninka masa zare,
na goge bangon da gefen rigata.
Da ta zo biya na rage mata ɗari biyar.
Ta ce, ta mece ce, Malam Tanimu?
Na ce, kuɗin haya ne,
ina zaune a shafi ɗaya.