Gonar Gindin Taga

Ɗaki ɗaya nake haya a Kurna.
Tsakar gidan siminti ne har bakin rariya,
awakin mai gida uku, kajin Asabe ba iyaka,
duk abin da ya ɗago kai kore
kafin la'asar ya zama labari.
Shi ya sa na shigar da gonata ɗaki,
tsakanin gado da akwatin kaya.

Irin daga Kura ya zo.
Tasalla ƙanwata ta ƙulle shi a bakin tsohon ɗankwali:
tumatir, attaruhu, da wani tattasai
da ta rantse ko a 'Yankaba sai an tona.
Ta ce, "Yaya, ba gawa ba ne, kar ka zurfafa,
rabin gaɓar yatsa ya isa."

Ban ji ba.
Na kwaso jar laka daga bayan gida,
na danna a gwangwanin madara,
ina ban ruwa safe da yamma kamar mai biyan bashi.
Kwana goma sha biyu, shiru.
Da na tona, iri ya ruɓe,
ƙasa ta ƙame ta koma tubali.

Malam Barau mai gadin firamare
ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
Ya ce ƙasa ma numfashi take yi.
Kwano biyu na baƙar ƙasar gindin mangwaro,
kwano guda yashi, a tankaɗe,
kwano guda kashin awaki da ya shekara ya daina wari,
sai tafi biyu na ƙonannen buntun shinkafa.
Dunƙula a hannu: in ta riƙe,
ka taɓa kuma ta wargaje, to ta yi.
Ka huda gindin gwangwani da ƙusa,
ruwa baƙo ne, ba a tsare shi.

Awakin da suka kore ni daga tsakar gida
su suka ba ni takin.
Mun yi canjaras.

Ran kwana shida na dawo daga asuba,
ga wani farin abu ya ɗaga ƙasa,
a sunkuye kamar mai ruku'u,
ɓawon iri a ka, hular da ta yi masa kaɗan.
Ran nan na fita da adaidaita ina ta murmushi
har wata fasinja a Bata
ta tambaya ko haihuwa aka yi mini.

Sai maganar haske.
Tagata gabas take kallo,
amma benen maƙwabci ya ci rabon rana,
awa biyu yake bar mana.
Tsirrai suka zanƙale, sirara, fari fat,
duk sun karkata wuya gefe guda
kamar masu jiran mota a titin Katsina.
Wutar nefa kuwa ka san halinta,
ta leƙo, ta ce sannunku, ta wuce.

Na shiga Sabon Gari na sayo doguwar fitila mai caji,
na rataye ta da igiya a ƙusar labule,
yatsu huɗu sama da ganye.
Da rana ta sha caji a jikin adaidaita,
da magariba ta kama aiki,
sha biyun dare in kashe,
don tsiro ma yana son barci.
Suna girma, ina ɗaga igiya.
Kullum in juya gwangwani, kowa ya ɗanɗana.

Yanzu ganye huɗu, kara ya yi kauri.
Da hantsi nakan ɗora su kan katanga
su saba da iska da idon rana,
ina tsaye da sanda, ni da ƙadangare muna kallon kallo.
Asabe ta roƙi guda biyu.
Na ce sai ta ɗaure kajinta tukuna.

Jiya da dare na murza ganye ɗaya a yatsa,
na kashe fitila, na kwanta.
Har barci ya ɗauke ni
hannuna na ƙamshin fadamar gidanmu.