Kwana Biyun da Ban Jira Ba

Daren Talata ta same ni,
tsakanin isha da carar zakaran fari.
Ciki ya murɗa kamar ana matsar wanki,
amai ta sama, zawo ta ƙasa,
na kwana ina auna tazarar ɗaki da makewayi
da gwiwoyina.

Laraba da la'asar ta sake ni.
Na sha kunu, ya zauna.
Na yi hamdala, na dubi kwandon salati
da na biya tun Litinin,
ganyen har ya fara sunkuyar da kai.
Jikka uku ce kwance a nan tana yaushi.

Alhamis da sassafe ina bakin tashar Tawa.
Na yanka tumatir, na yanka albasar Galmi,
na marmasa ƙuli, na zuba mai,
na cuɗa zogale da hannun nan,
wannan na dama, mai zoben azurfa,
wanda na ɗauraye da buta, ruwa zalla,
don sabulu ya ƙare, rana kuma ba ta jira.

Sahabi mai walda ya ci na dala arba'in.
Agali direba ya ce a ƙulle masa a leda,
hanyar Agadas da nisa.
Ƴan lakwal huɗu suka haɗa kuɗi, kwano guda.
Illo, ƙanen maigidana, ya ci bashi kamar kullum,
ya siɗe kwano, ya ce a ƙara.

Asabar, rumfar Sahabi a rufe.
An ce Agali ya tsaya sau tara a hanya,
fasinja na tsaki, shi yana bayan ƙaya.
Ɗaya cikin ƴan lakwal ta kai wa ƙanenta na goye,
sai da aka rataya masa ruwa a likita,
idonsa ya faɗa kamar rijiyar bazara.

Illo kuwa garau. Ko gyatsa.
Unguwa ta fara dubansa da wutsiyar ido:
me ya sha, wa ya ba shi,
me ya barbaɗa a kwanon mutane?

Majo Haɓsu ce ta raba gardama,
tana tsaye, tana cire safar hannu.
Ta ce da alama noro ce, ƙwayar da ido bai gani,
abin da bai rufe tsinin allura ba
ya isa ya kwantar da ƙato.
Ta ce Illo gado ya ci, ba laya:
akwai hanjin da ake haifa ba marataya,
ƙwaya ta zo, ta lalubi bango, ta rasa ƙusa, ta wuce.
Amma kada ya bugi ƙirji,
danginta da yawa, kuma tana sauya riga,
wadda ta ƙyale shi bana
ƴar'uwarta na iya gane shi baɗi.

Ba kafso, in ji ta, ba allura,
ruwan gishiri da sukari, kurɓi bayan kurɓi.
Sannan ta juyo.
Cima, ke yaushe ta sake ki?

Na dubi zobena.

Ta ce ciwo kan tafi ya bar sawunsa a hannu.
Kwana biyu bayan sauƙi, ko fiye,
ba a taɓa abin da wani zai kai baki.
Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Na je na gaida uwar yaron,
na kai sukari, na faɗi abin da ya faru.
Ta karɓi sukarin.

Yanzu sabulu na rataye da zare a ƙafar teburina,
ruwan jabel na wanke katako da wuƙa,
zobe yana gida cikin kwalla.
Jiya Sahabi ya tsaya, ya rame kaɗan,
ya daɗe yana kallon yadda nake cuɗa kumfa
tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce.
Sai da na gama tsaf
ya ce: na dala ashirin, tukuna.