Darasin Ɗari Biyu

Littafin tarihi bai iso Mabera ba bana,
sai na laluba aljihu.
'Yar ɗari biyu ce, ta sha hannu,
tana warin manja da zufa.

Na ɗaga ta gaban 'yan aji uku:
"Wa kuka gani a nan?"
Modi ya ce, "Kuɗɗin awara na, Malam."
Aji ya kwashe da dariya, har da dukan benci.

Na ce ku dubi rawanin, ku dubi idon.
Shi ma ya taɓa zama yaro kamarku,
yana fama da baƙi da wasali.
Da ya samu, bai ci shi kaɗai ba,
ya dasa makarantu
inda ba zai sha inuwarsu ba.

Luba mai giɓi ta ɗaga yatsa:
"To in ya zo ya iske rufinmu na yoyo,
mi za mu ce mishi?"

Alli ya tsaya a hannuna.
Aka buga ƙarfen tashi.

Da la'asar na miƙa wa ɗan kabu-kabu takardar,
ya cusa aljihu, ko fuskar bai duba ba.
Tambayar Luba ce ta raka ni gida,
ita na rasa mai yi mini canjinta.