Gindin Tsamiya

Ruwan fari ya sauka Sandamu daren Talata,
kafin mako zabuwata ta fara ɓatan dabo.
Kwana uku ina bin sawunta
ta bayan gonar Malam Haladu,
har na iske gurbin cikin sabara:
ƙwai sha tara, da sauran ɗuminsu.

Ba a sa hannu.
Da dogon ludayi na kwaso,
na bar mata uku don kada ta yi fushi ta sake gida.

Zuba ƙwai ta iya, tsiwa ta iya,
reno ne babu.
Sai ta ja 'ya'ya cikin raɓa su mutu, ko a jikinta.
Don haka na kai wa Jar Kaza.

Ita kwana ashirin da ɗaya ta sani.
Ya cika, shiru.
Ta juya su da baki, ta dube ni,
ta koma ta kwanta.
Mako guda ta ƙara bisa lissafin da ba nata ba,
har gashin ƙirjinta ya zube.

Sha huɗu suka fito.
Kullum yamma in kife tsohuwar tukunya bakin suri
da karmami da kashin shanu,
da hantsi in zazzage musu gara.
Shirwa ta ɗauki ɗaya.
Sanyi ya ci biyu.
Ɗaya ni na taka cikin duhu,
ban faɗa wa kowa ba.

Goma.
Gero ya yi kai, zane ya fito jikinsu.
Rannan da almuru
suka yi fir, sai kan tsamiya.
Jar Kaza ta tsaya a gindi
tana kiran nan na "ku zo ga tsaba",
su suna can sama, ƙurƙet, ƙurƙet,
da harshen da ba ita ta koya musu ba.

Na ɗauke ta zuwa akurki.
Ba nauyi.

Lahadi Sha'aibu zai kai shida Mai'aduwa,
ɗakin kudu na yoyo.
Ya ce in haɗa da kazar, ai ta tsufa.
Na ce a bar ta.
Ya yi dariya.

Watansa uku aka miƙo min shi cikin zane,
ranar bakwai ɗin Yaya Tabawa.
Bana ba shi da zance sai Agadas,
da kuɗin mota.

Da ya fita na debo gero a tafin hannu,
na rufe ƙyaure,
na watsa mata, ita kaɗai.